Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Bugun Rana a Mina da Arfa

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun tsaya a inda aka kammala horo aka rarraba mu a motocin ɗaukar marasa lafiya gab da Hajji. Wannan mako labarin zai ɗan dakata, domin abin da ke tafe ba zai fahimtu ba sai an san cutar da ta fi cika mota a kwanakin Mina da Arfa, wato bugun rana. Kuma 'yan uwanmu mazauna unguwannin Makka na Shara Mansur da Hindawiyya da Misfala, masu tura keken alhazai da masu dako da masu sayar da abinci, su ne sukan riga mu isa kan wanda ya faɗi.

A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301. Kashi 83 cikin 100 ba su da tasrihi, wato takardar izinin yin Hajji, sun yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota.

Abu na farko, a raba galabaita da bugun rana. Wanda zafi ya galabaitar yana jin jiri da tashin zuciya da ciwon kai, gumi na zuba, amma yana cikin hankalinsa. Wannan inuwa ce maganinsa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari yana kurɓa a hankali: ƙulli ɗaya na ORS a lita ɗaya, in babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Bugun rana kuwa zafin cikin jiki ne ya haura digiri 40 har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Gwajin ba ya buƙatar na'ura. A durƙusa gabansa a ce, "Baba Alhaji, ya sunanka? Ina muke yanzu?" In ya ce yana kasuwar Kurmi, ko ya hau faɗa ba dalili, ko yana tangaɗi, ko ya yi shiru yana zare ido, to a ɗauka bugun rana ne. Kada a jira fata ta bushe. Tsoho yakan daina gumi, amma matashin da ke tura keke daga Muzdalifa zai iya faɗuwa jikinsa sharkaf.

A ɗauke shi daga kan kwalta nan take. Kwaltar azahar tana ƙona bayan mutum cikin 'yan mintuna, kuma tana ƙara masa zafi daga ƙasa. A duba numfashi. In yana numfashi amma ba ya farke, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya sarƙe shi. In ba ya numfashi ko sai jan iska jefi-jefi kamar shaƙuwa, an bar maganar zafi, an koma danna ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6.

A kira 997, lambar Hilal Ahmar, hukumar motocin agajin gaggawa ta Saudiyya, ko 911. A Mina tantuna duk kamarsu ɗaya, don haka "muna kusa da Jamarat" ba kwatance ba ne. A faɗi lambar titi da lambar maktab, wato ofishin da ke kula da rukunin tantunan, a tura wurin ta waya, a tsayar da mutum ɗaya a bakin hanya yana ɗaga lema. Wasu sukan ɓata rabin awa suna shawara saboda tsoron maganar iƙama (takardar izinin zama a ƙasar) ko tasrihi. Wannan rabin awar ita ce dukan jarin mara lafiyar, domin abin da ake nema shi ne a sauko da zafinsa ƙasa da digiri 39 cikin minti 30. Bayan haka hanta da ƙoda sukan fara lalacewa, tsoka ta narke ta toshe ƙoda, jini ya rikice ya daina daskarewa yadda ya kamata.

Saboda haka sanyayawa ake fara yi, ɗauka ta biyo baya.

Ga matashi mai ƙarfi, babu abin da ya kai tsoma jiki cikin ruwan ƙanƙara sauri. Inda babu baho, tamfol ya wadatar. A shimfiɗa shi, a kwantar da mutum a tsakiya, mutum huɗu su kama kusurwoyi su ɗaga, a zuba ruwa da ƙanƙara har ƙirji, na biyar ya tallafe kai da haɓa kada baki ya nutse. Masu riƙe tamfol su riƙa jijjiga shi, domin ruwan da ya tsaya jikin fata yakan ɗume ya daina aiki. Ga tsoho mai ciwon zuciya, ko inda ruwa bai da yawa, a cire tufafi gwargwadon hali, a riƙa fesa ruwa a dukan jiki ana fifita da ƙarfi, da kwali ko da darduma. A feshi, ruwan ba shi ke sanyayawa ba, bushewarsa ce ke ɗauke zafi, shi ya sa fesawa ba fifita aikin banza ne. A kan wannan hikima masu bincike biyu, Khogali da Weiner, suka ƙera gadon sanyaya jiki na Makka, suka wallafa bayaninsa a 1980: gado na raga, ana feshi sama da ƙasa, iska na bugawa. A ƙara da ƙullin ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jiƙa harami a lulluɓe mutum a bar shi. Bayan minti biyu haramin ya zama bargo. In za a yi amfani da shi, sai ana canzawa akai-akai. In Hajiya ce, mata su kewaye ta da zannuwa, a rage mata kaya, a bar yadi ɗaya marar kauri a jiƙe ana fifita. Sutura tana yiwuwa ba tare da an bar ta cikin abaya da hijabi biyu ba.

Sai maganar ɗura ruwa. Zamzam mai albarka ne, amma wanda ba ya iya haɗiya, abin da aka zuba masa a baki huhu yake tafiya. A zuba masa a jiki. Haka farasitamol: ba ya sauke wannan zafi, domin ba zazzaɓi ba ne, sai ma ƙara wa hanta nauyi.

Idan mota ta iso, sukari ake fara aunawa, domin alhaji mai ciwon suga da ya yi allura bai ci abinci ba yakan rikice daidai irin wannan rikicewa. Ƙasa da 70, in yana farke a ba shi giram 15 na sukari, kamar dabino biyu ko uku, in ba ya farke sai ta jijiya. Ma'aunin goshi da na kunne ba abin dogaro ba ne a jikin da rana ta gasa ko aka jiƙa. Na dubura ne ke faɗin gaskiya. Ana sa iskar oksijin in ma'aunin yatsa ya nuna ƙasa da 94. Ƙarin ruwa kuwa kaɗan-kaɗan, mililita 250 zuwa 500, a saurari ƙirji, sannan a ƙara. Tsohon da aka ɗura wa lita biyu a guje, ruwan yakan taru a huhunsa kafin a kai asibitin Mina Al-Wadi. In ya fara jijjiga, ba a cusa cokali a baki, a kare kansa, a ci gaba da sanyayawa, allurar tsayar da jijjiga tana hannun ma'aikaci. Da zafi ya sauko 39 sai a tsaya, a tsane jiki, in ba haka ba ya zarce ya koma sanyi fiye da kima.

A duba jakar wuyansa. Maganin hawan jini mai sa fitsari, da mai rage bugun zuciya, da maganin mura mai sa barci, duk suna rage wa jiki ƙarfin jure zafi, kuma likita zai so sani. A duba tafin ƙafa ma: mai ciwon suga da silifas ɗinsa ya ɓace a Jamarat yakan taka kwalta ba ya ji, har fata ta saɓule.

Ko ya farfaɗo ya ce shi lafiyarsa lau, jifa zai tafi, asibiti za shi. Lahanin hanta da ƙoda yakan bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu, jifa kuwa ana wakiltawa. Wanda zai raka shi ya riƙe abu uku da za a tambaya a ƙofar asibiti: ƙarfe nawa ya faɗi, yaushe aka fara sanyaya shi, wane magani yake sha.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga daren takwas ga wata, lokacin da aka tura motarmu Arfa.