Inda binciken likitan fiɗa ke lalacewa

Likitan da yake son zama ƙwararren likitan fiɗa kuma malamin jami'a a Najeriya, hanyarsa sananniya ce: digirin likita, shekara guda ta sanin makamar aiki, bautar ƙasa, sai jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu, wato Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1960, ko Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979. Daga nan sai horon ƙwarewa na shekara biyar zuwa shida a asibitin koyarwa kamar na Shika ko na Malam Aminu Kano. Kafin jarrabawar ƙarshe akwai kundin bincike, kuma a nan ne masu hannu mai kyau a ɗakin tiyata suka fi tuntuɓe.

Ba rashin abin bincike ke kawo matsalar ba. Fashewar hanji sakamakon taifot, yoyon fitsari, ciwon noma da ke cin fuskar yara, gwaiwar da ta shaƙe, sankarar mama da ake zuwa da ita a makare, duk suna kwance a gadajen asibitocin Arewa. Matsalar tana wajen tattara bayani.

A ɗauki mai binciken ruɓewar ciwo bayan an ɗinke hanjin da taifot ya huda. Hanya mai sauƙi ita ce ya nemi fayilolin shekarun baya. Zai samu sunaye a rajistar ɗakin tiyata, ya je ofishin kati, ya tarar wasu fayilolin sun ɓata, wasu kuma ba a rubuta nauyin yaro ko kwanakin da ya yi da ciwon ciki kafin a kawo shi ba. Abin da ya fi muni, fayilolin waɗanda suka rasu galibi a wani wurin daban ake ajiye su, sai sakamako ya fito ya fi gaskiya kyau. Shi ya sa nake ganin gara a bi marasa lafiya tun daga ranar kwantar da su, ko da adadin zai ragu.

Adadin ma lissafa shi ake yi. Idan ba a san yawan matsalar ba, akan ɗauki kashi 50 cikin ɗari, da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba, lissafi ya ba da mutum 384, sannan a ƙara kashi 10 saboda waɗanda za su ɓace. Wanda asibitinsa ba ya ganin ko rabin haka a shekara, ya sauya tambayar ko ya haɗa kai da wani asibitin. Kuma kada ya cike takarda ko ɗaya sai kwamitin ɗa'ar bincike da ita kwalejin sun amince da tsarin, domin bayanin da aka tara kafin amincewa ana iya watsi da shi gaba ɗaya.

Sai bibiya. Ruɓewar ciwon tiyata ana ƙidaya ta har kwana 30, alhali an sallami mutum tun kwana na goma ya koma ƙauye, kuɗin mota kuma ya hana shi dawowa. A karɓi lambar waya uku: tasa, ta mai jinya, da ta wani maƙwabci, a kira kowace nan take a ji ta yi ƙara. Muhimmancin kwanakin bayan tiyata ya fito fili a binciken da aka wallafa a mujallar Lancet a 2018, wanda ya bi marasa lafiya fiye da 11,000 a ƙasashen Afirka 25: haɗarin mutuwa bayan tiyata ya ninka na sauran duniya, kuma kusan duk mace-macen bayan ranar aikin suka faru, a kan gadon jinya.

Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan da ya yi aikin yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, rubuta bayanin kowace mace ɗaya bayan ɗaya ne ya ba shi hujjar nuna cewa sabon yoyo kan iya rufewa da robar fitsari kaɗai idan an sa ta da wuri.

Wajen wallafawa, a guji mujallar da ke aiko saƙo tana alkawarin bugawa cikin mako guda in an biya. Kwamitocin ƙarin girma a jami'o'i sun fara tantance irinsu, kuma aikin da ya riga ya fito a can, mujallar kirki ba za ta sake karɓarsa ba.