Laraba a gareji, ni da fulawil

Tun ƙarfe bakwai na kai Golf 3 ɗina gareji. Sati biyu ke nan kuloci yana sulɓewa: in taka totur, inji ya yi ta gurnani, mota kuma tana jan ƙafa. Jiya a hanyar Haɗeja, da fasinja da buhunan shinkafa a but, har ƙauri ya shigo mana.

Wajen sha ɗaya aka sauke giyabos. Tsarin wannan motar daban yake: fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da inji, shi ne a waje, sai an kwance shi kafin a kai ga faifan kuloci. Bakanike ya goge fuskar fulawil ɗin da fetur ya miƙo mini.

"Direba, sa farcenka a nan."

Na sa. Farcen yana maƙalewa a wani zagayayyen rami. Ga tabo shuɗi-shuɗi inda zafi ya ƙona ƙarfen, ga ƙananan tsagu kamar faso a dunduniya. Haƙoran gefe, inda kik ke kamawa, uku sun cinye. Ashe ƙarar da nake ji da asuba in zan tayar da mota ke nan.

Raina ya so a mayar da shi haka. Kuɗin faifai da biyarin sun riga sun taɓa na cefane. Ya ce, "In ka matsa sai in ɗaura. Amma sabon faifai ba zai zauna daidai a kan wannan fuskar ba. Motar za ta riƙa makyarkyata in za ka tashi, kuma ka sake biyan kuɗin sauke giya."

Na tambayi batun kai shi a kankare a inji. Da rami ne kawai, in ji shi, da an yi; tsagun sun yi zurfi, kuma kankarewa ba ta mayar da haƙori. Yaronsa ya kawo zancen fulawil mara nauyi, wai mota ta fi saurin ɗauka. Bakanike ya ce mai ɗaukar kaya a hawa nauyin nan yake so, shi ke hana inji mutuwa.

Bayan azahar muka shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa. Fulawil ɗan Beljiyam huɗu na juya, ina bin kowanne da farce, ina ƙirga haƙora, kafin na ɗauki ɗaya. Na haɗa da sil na bayan inji, robar da ke hana mai zuba, tunda wurin a buɗe yake kuma na ga danshin mai.

Ana kiran magariba muka gwada ta. Ta tashi lumui. Ya ce in lallaɓa ta kwana biyu, kada in cika lodi.