Yaron da ke toshe kunne in an buga ƙararrawa

Ina shekara ta shida da fara koyarwa a ajin reno aka kawo mini shi. Ɗan shekara huɗu ne, tsaf-tsaf da shi tubarkalla, sai dai in ka kira sunansa ko waiwaye ba ya yi. Yara na waƙa suna tafi, shi yana bakin taga yana jera murafun kwalaben lemo, ja wajen ja, kore wajen kore. In na ce masa "Za ka sha ruwa?" sai ya maido mini da "Za ka sha ruwa?" da irin karin muryata.

Na ɗauka sangarta ce. Wata rana na daka masa tsawa, na kwashe murafun na zuba a jakata. Ya zube ƙasa yana buga goshi da siminti, muka rasa yadda za mu yi da shi har kusan rabin awa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Daga ranar na ware littafi guda. Duk sanda ya rikice sai in rubuta lokacin da abin da ya faru gabannin haka. Mako biyu bai cika ba na gano bakin zaren: ƙararrawarmu ce, tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a jikin darbejiya daf da tagar ajinmu. Ƙarar da mu ba ma ko jinta don sabo, shi kamar ana soka masa allura ne a kunne. Na roƙi hedimasta aka mayar da ita can bakin ƙofar makaranta. Na kuma zana masa katuna, ɗaya mai kofi, ɗaya mai buta, ɗaya mai kwanon abinci, na riƙa nuna masa abin da za a yi kafin a yi shi. Yaron nan ba ya son a zo masa da abu kwatsam, kuma fitinar da muke gani tasa hanyar ce ta faɗin abin da bakinsa ya kasa faɗa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne zama da mahaifiyarsa. Baiwar Allah ta sha maganganu: wannan ya ce shafar aljanu ce, wancan ya ce ɗan ruwa ne, dangin miji kuma suna zargin ita ce ba ta iya tarbiyya ba. Na fara da faɗa mata abin da ya iya, yadda ya fi kowa a ajin gane launi da haddace lambobi. Sannan na ce, "Hajiya, ni ba likita ba ce, ba zan sa wa ɗanki suna ba. Amma ga abin da na gani, ki tafi da littafin nan asibiti." Ta yi kuka, ta ce tunda aka haife shi ba wanda ya taɓa fara yi mata maganarsa da yabo.

An fara auna jinsa, aka tarar kunnensa lafiya ƙalau. Daga nan aka tura su wajen likitan yara a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A tafiyar nan ni ma na ƙaru. Larurar da alamominsa ke nunawa, wadda muke kira galahanga, likitoci ke ce mata otizim, ba a gano ta da gwajin jini. Kallon ɗabi'ar yaro ake yi, a saurari tarihinsa daga iyaye da malamai. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a 1943 bayan ya bibiyi yara 11, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 100 na da ita. Ke nan a makaranta mai ɗalibai ɗari biyar, da wuya a ce shi kaɗai ne. Babu ƙwayar da ke warkar da ita, amma koyar da magana da mu'amala tun da wuri na kawo sauyi sosai, kuma bai hana a ci gaba da addu'a ba.

Kakarsa ta dage cewa allurar rigakafi ce ta jawo. A Kano, inda aka taɓa dakatar da rigakafin shan inna a 2003, irin wannan magana ba ta wuyar samun kunne. Na zauna da ita na ce, "Inna, binciken da ya kawo wannan zargi a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, likitan da ya yi binciken ma an hana shi aiki. Don Allah kada a hana ƙanwarsa allura." Ba ta ce komai ba, amma an kai yarinyar.

Murafunsa na mayar masa tun washegarin ranar nan, na kuma ƙara masa wasu. Da su muka koyi ƙirga. Ana saura kwana kaɗan a yi hutun ƙarshen zango, ina gyara allo na ji an ja mini gefen hijabi. Shi ne, riƙe da katin kofi, ya ɗaga mini shi ya ce, "Malama, ruwa."