Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda Na Zaɓi Littafin Jagora Don Rubuta Taken Baba

A makon jiya na tsaya a inda na yanke shawarar rubuta taken kalangu da mahaifina yake kaɗa wa 'yan dambe da mahauta a Argungu, tun kafin tsufa ya raba hannunsa da tsirkiya. Na riga na iya karatun layuka biyar da ake rubuta sautin kiɗa a kansu tun ina kwalejin horar da malamai, amma rubutu da hannu yana da wahalar gyara, kuma takarda ba ta iya maimaita wa mutum sautin domin ya ji ko daidai ya rubuta. Wannan ne ya kai ni ga manhajar rubuta kiɗa, ita kuwa ba a shigarta sai da jagora.

Wani abokin aikina ya ara mini wani ƙaton littafi mai koyar da manhajar Finale, wadda ta fito tun 1988 kuma ta daɗe a hannun masu buga littattafan kiɗa. Littafin ya tsaru, sai dai a watan Agusta na 2024 kamfanin MakeMusic ya sanar da cewa ya daina sayar da manhajar da inganta ta, har ya shawarci masu amfani da ita su koma Dorico ta kamfanin Steinberg. Ban ga hikimar ɓata dare ina haddace hanyoyin manhajar da masu ita suka rufe shagonta ba, don haka na mayar masa da littafinsa da godiya. Ita kuwa cikakkiyar Sibelius, wata manhajar rubuta kiɗan, kuɗi ake biya, albashin malamin makaranta kuma ba ya ɗaukar wannan.

Saura biyu da ake samu kyauta, wato LilyPond da MuseScore. A LilyPond mutum yana rubuta umarni ne da haruffa, sannan manhajar ta fitar masa da shafin kiɗa, kuma ban zaɓe ta ba saboda ina son in riƙa ganin alamar da na sa nan take. Duk da haka daga wurin masu ita na fahimci abin da ya fi amfanar da ni a wannan neman, domin sun raba jagorarsu gida biyu: akwai littafin koyo da ake bi daga farko zuwa ƙarshe, akwai kuma littafin dubawa da ake buɗewa kawai idan wata tambaya ta taso. Wanda ya fara da na dubawa zai gaji kafin ya rubuta layi guda, kamar wanda ya ɗauki ƙamus yana so ya koyi hira. Bidiyon YouTube kuwa, duk da yana nuna inda za a danna, yana cin data, kuma ba a iya komawa ga jimla ɗaya a cikinsa da sauri in ana tsakiyar aiki.

Da na tsaya a kan MuseScore sai wata magana ta taso, wadda a ganina ita ce mafi muhimmanci ga duk mai zaɓen jagora: dole littafin ya dace da lambar manhajar da ke cikin kwamfutarka. MuseScore 4 ta fito a watan Disamba na 2022, tana buƙatar Windows 10 ko sama, kuma an sauya wa wasu sassanta wuri da suna. Tsohuwar kwamfutata Windows 7 ce, saboda haka na sauke MuseScore 3.6 ta shekarar 2021 tare da littafin jagorarta na PDF, wanda ake karantawa ba tare da intanet ba. Na kai shi shagon buga takardu, na sa aka fitar mini da babin shigar da sauti, da na kayan bugu, da na alamomin zamewar sauti, na bar sauran a waya. Daga babin farko na koyi cewa harafin N ne yake buɗe shigar da sauti, haruffan A zuwa G su ne sautukan, lamba 5 tana ba da bugu ɗaya, 4 rabinsa, 6 kuma ninkinsa.

Babin kayan bugu ne ya fi ba ni aiki. An rubuta shi ne da gangunan Turawa a zuciya, waɗanda kowace take da sauti guda da ba ya motsi, alhali kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka gwargwadon yadda makaɗi ya matse tsirkiya a hammatarsa. Da na rubuta taken farko a layin ganguna na kunna wa Baba, sai ya saurara ya girgiza kai.

"Bugun dai nawa ne, amma wannan kalangun kurma ne, bai kira sunan kowa ba," in ji shi.

Na ce, "Allah ya ja kwana, Baba, a sake kaɗa mini a hankali in ji inda ake matsawa."

Ya kaɗa, ni kuma na mayar da taken kan layuka biyar na kayan kiɗa masu hawa da sauka, na ware sauti uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, sannan na ja layin zamewa a duk inda hannunsa ya saki tsirkiya bayan bugu. Babu shafin da ya ambaci kalangu a littafin, amma da yake an jera shi babi-babi, na iya haɗa abin da ke babi biyu na fitar da abin da nake nema. Na kuma adana kowane take a tsarin MusicXML, domin ko wata rana na sauya manhaja aikin ya buɗu.

A mako mai zuwa zan kawo yadda muka yi da taken wani tsohon ɗan dambe, wanda Baba ya ce ba a kaɗa shi sai mai shi yana fage.