Sabunta BIOS bayan garanti ya ƙare: yadda muke yanke hukunci a shago

Yawancin laftof ɗin da ake kawo mana gyara 'yan gwanjo ne, HP da Dell da Lenovo waɗanda garantinsu ya ƙare tun kafin su iso ƙasar nan. Abin da garanti yake canzawa ɗaya ne: idan aikin ya lalace, wa zai biya. Tunda garantin ya ƙare, kamfani ba zai biya ba, shi ya sa ba ma taɓa BIOS, wato manhajar da take fara tayar da kwamfuta kafin Windows, sai da dalili.

Dalili kuwa akwai shi. Kwamfuta ta ƙi karɓar sabon RAM ko SSD, ko batir ya ƙi caji alhali cajar lafiya lau, ko kamfani ya fitar da gyaran wata kafar tsaro, kamar yadda aka yi a 2018 kan Spectre, wata kafar tsaro da aka gano a furosesa. Haka kuma takardun shaida na Microsoft na 2011 da Secure Boot (tsarin da ke hana manhajar da ba a tantance ba tayar da inji) yake aiki da su, wa'adinsu yana fara ƙarewa a Yunin 2026. Amma injin da yake aikinsa, kuma bayanin sabon BIOS bai ambaci matsalarsa ba, a ƙyale shi.

Kafin mu fara, muna buɗe msinfo32, manhajar Windows mai nuna bayanan inji, mu ga wane BIOS ne yake kai. Fayil daga shafin kamfanin kawai ake ɗauko shi, da Service Tag (lambar shaidar inji) a Dell ko lambar siriyal a HP, don samfuri biyu kan yi suna kusan ɗaya alhali bod ɗinsu daban. Sai a dakatar da BitLocker, tsarin Windows mai kulle bayanan diski, in ba haka ba injin na iya neman mabuɗi mai lambobi 48 da mai shi bai taɓa gani ba. Injin da ya fito daga wani ofis a Turai sau da yawa da fasuwod a BIOS ɗinsa, kuma ba zai yarda a sabunta ba sai an sa shi.

Babbar matsalarmu a nan wuta ce. Aikin 'yan mintuna ne, amma idan aka ɗauke wuta ana cikin rubutu, kuma batirin ya mutu, injin ba zai sake tashi ba: fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin. Mu dai ƙa'idarmu, batir ya wuce rabi, caja a jone da inbata. Laftof mai mataccen batir, sai an canza masa tukuna.

In BIOS ya lalace, ba a fara da buɗe inji. HP da yawa suna dawowa idan aka riƙe Windows da B sannan aka danna makunni. A Dell kuwa Ctrl da Esc yayin jona caja. Idan hakan bai yi ba, sai a je kan cif ɗin BIOS kansa, ƙarami mai ƙafa takwas, galibi na kamfanin Winbond, a rubuta shi da CH341A, wata 'yar na'ura mai karanta cif da rubuta shi. A duba ko na 1.8V ne, don 3.3V zai iya ƙona shi. Kuma a fara kwafe abin da ke ciki ko da ya lalace, saboda a nan lambar siriyal da lasin Windows suke. Wannan aikin ne muke gaya wa kwastoma kuɗinsa tun kafin mu danna komai.