Yaro Shi Kaɗai a Gaban Aji

Idan za a sa yaro ya yi wasan kwaikwayo shi kaɗai, a tuna ɗan shekara 5 zuwa 7 ba ya riƙe dogon zance. Jimla huɗu ko biyar sun ishe shi, minti ɗaya kacal. A ba shi wanda ya sani ya kwaikwaya: mai tallan ƙosai a Kasuwar Barci ta Kaduna, ko Gizo yana kare kansa gaban sarki.

Kada a tilasta masa hadda kalma bayan kalma. Da ya manta ɗaya sai ya daskare, wani har da kuka. A bari ya faɗa da bakinsa. Faranti ko hula a hannu na hana shi murza bakin riga. Idan muryar ta maƙale, a ce ya yi wa na kujerar baya magana.

Mai kunya kuwa, a sa shi na uku a jerin yaran da za su fito.