Motar da ba ta taɓa taka kwalta ba

Laraba

Aikin da na wuni a kansa yau shi ne ɗora wata jar mota, wadda aka ƙera siffarta a kwamfuta, a kan hoton wani titi na gaske, ta yadda mai kallo ba zai yi zargin cewa haɗi aka yi ba. Da safe na fara da daidaita kyamara. Bayanan EXIF, wato bayanan da kyamara ke ajiyewa a cikin hoton, sun nuna cewa an ɗauke shi da gilashin kyamara mai milimita 35, sai na ja layuka a manhajar fSpy ina bin gefen titi da bangon gine-gine, ita kuma ta lissafo inda mai ɗaukar hoton ya tsaya, na kai sakamakon cikin Blender, manhajar ƙera siffofi da haɗa hoto a kwamfuta. Wannan ɓangaren lissafi ne tsantsa, bai ci mini lokaci ba.

Haske ne ya cinye mafi yawan wunin. Jikin mota madubi ne, abin da ido ke gani a kansa shi ne sararin sama da gine-gine da bishiyoyin da ke kewaye da ita, saboda haka komai kyan siffar da aka ƙera, idan abin da ke bayyana a bonet bai yi daidai da wurin ba, asiri zai tonu. Maganin wannan shi ne hoton HDRI, wanda ke kewaye wurin ta kowace fuska, ana haɗa shi daga hotuna da yawa, wasu masu duhu wasu masu haske. Wani mai bincike, Paul Debevec, shi ne ya gabatar da wannan hanya ta haskaka abin da aka ƙera a kwamfuta da hasken wuri na gaske a SIGGRAPH, taron masana zanen kwamfuta, na 1998, har yanzu kuma a kanta ake tafiya. Hoton JPEG, irin wanda aka saba amfani da shi, yana da matakai 256 kacal na haske a kowane launi, don haka rana da farin bango duk fari ɗaya ne a wurinsa, alhali fayil ɗin EXR, wanda ake iya ajiye HDRI a cikinsa, yana iya riƙe babban bambancin da ke tsakaninsu.

HDRI ɗin da aka aiko mini bai kama ƙarfin rana sosai ba. Na gane haka ne daga inuwa: ta motar ta fito a dishe, gefenta a baje, ita kuwa inuwar turken fitila da ke cikin hoton tana da kaifi. Sai na ƙara fitilar rana a Blender, na sa faɗinta kusan rabin digiri, domin haka girman rana yake idan an dube ta daga ƙasa, na yi ta juya ta har inuwar biyu suka fuskanci wuri guda.

Bayan azahar na koma kan fenti. Fentin mota hawa-hawa ne: akwai launi a ƙasa, sau da yawa da ƴan ɓarɓashin ƙarfe a ciki, sannan shafi mai sheƙi a sama. Wannan shafin yana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na haske idan an fuskance shi kai tsaye, amma idan an kalle shi a karkace yakan mayar da kusan dukkansa, kamar yadda lissafin Fresnel, mai bayyana yadda haske ke dawowa daga kan abu, ya nuna. Shi ya sa rufin mota da gefenta mai nisa ke ɗaukar launin sama ko da motar ja ce.

A ganina, wurin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne inda taya ta taɓa ƙasa. Mota tana da nauyi, tayarta tana ɗan lotsawa daga ƙasa, shokozoba tana sauka, ƙarƙashinta kuma akwai duhu mai kauri da ba ya rasuwa ko da rana ba ta fito ba. Na lotsa tayoyin, na sauke jikin kaɗan, na dusashe baƙin robar da ƴar ƙura.

Da yamma na daidaita duhu, domin bai kamata baƙin taya ya fi mafi duhun wuri a hoton duhu ba, na kuma zuba wa motar irin ɗige-ɗigen da kyamara ta bari a kan titin, na rage kaifin gefunanta. Wanda ya ba da aikin ya rubuto yana neman a ƙara wa motar haske da tsabta don ta fito fili. Na fahimci bukatarsa, talla ce yake so, amma na bayyana masa cewa idan ta fi kewayenta tsabta za a ga kamar manna ta aka yi, kuma gara a rage hasken titin baki ɗaya a bar motar yadda take. Bai ba da amsa ba tukuna. Gobe zan duba jan hasken da ya kamata ƙofar motar ta mayar a kan kwalta, sannan in sa abin tuƙi ya ɗan bayyana ta gilashin gaba.